TARIHIN GITA MAI RARAKAKKEN WUYA: amfaninta da illarta, kafin wani ya ɗauki magagari

Yau zancen na makaɗa ne, amma wanda bai taɓa riƙa gita ba ma kada ya wuce, don tarihi ne da zai kai mu Indiya da Biyetnam da Suwidin kafin ya maido mu gida.

Duk mai kallon bidiyon makaɗa a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da wata irin gita wadda wuyanta ke da kwarmi-kwarmi, kamar an bi shi da cokali an ƙwaƙule. Samarinmu masu koyon kiɗa suna gani, suna jin yadda sautin ke kuka, sai wasu su fara tunanin kai tasu wurin kafinta. To ga matsalar: mafi yawansu gita ɗaya tak gare su, wani ma sai da ya yi shekara shina tara kuɗɗi kafin ya same ta, kuma icen da anka rarake ba ya komawa. Shi ya sa munka ga ya dace mu bi sawun wagga al'ada tun daga tushe, mu ga su wa sunka fara ta, don me, kuma me ta ci musu.

YADDA WUYAN GITA YAKE

A fuskar wuyan gita akwai ƴan ƙarafa da anka gicciya, waɗanda da Faransanci ake ce wa firet. Filin da ke tsakanin firet biyu mu kira shi gida. In ka danna tsirkiya a cikin gida, tana kwantawa bisa ƙarfen da ke gaba, tsawon da ke kaɗawa ya ragu, sautin ya hau. Ba da ka ake jera ƙarafan ba, lissafi gare su. A gitar Fender Stratocaster, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa milimeta 648 ne. Gida na farko shina cin kusan milimeta 36, kowane gida na gaba ya ɗan fi na bayanshi ƙanƙanta, har a kai firet na 12, wanda ke tsakiyar tsirkiya daidai wa daida. Kowane gida rabin mataki ne na sauti.

A gita ta kullum, tsayin firet bai wuce milimeta ɗaya da ɗan abu ba. In ka danna, tsokar yatsa tana taɓa icce, iccen ya tsaida ta. Wato iccen birki ne. Rarakewa ita ce a ɗauke birkin nan: a goge icen da ke cikin kowane gida har ya yi kwarmi, sau da yawa milimeta ɗaya zuwa biyu, ta yadda yatsa ba ta taɓa komai sai tsirkiya. Dut amfanin abin da dut illarshi daga nan sunka fito.

INDIYA: INDA ABIN YA DAƊE

A kudancin Indiya akwai wani abin kiɗa mai suna bina, ko Saraswati bina, mai tsawon sama da mita ɗaya, wanda ake sassaƙawa daga icce guda ko a haɗa. Siffar da aka san ta da ita yau ta kafu ne a birnin Tanjabur a ƙarni na 17, zamanin sarki Raghunatha Nayak. Tana da firet 24 na tagulla, an dasa su bisa kakin zuma da anka cuɗa da garin gawayi, kuma tsakanin kowane biyu an ƙwaƙule kakin ya yi kwari. Tsirkiya huɗu ke bi ta kan ƙarafan, uku kuma na gefe don riƙe amo da ƙidayar kiɗa.

Dalilin wannan gini shi ne kiɗan nasu. A wurinsu sauti ba ya tsayawa cak. Ana lanƙwasa shi, a girgiza shi, a zame daga wannan zuwa wancan, kuma wannan adon, da suke kira gamaka, shi ne ran kiɗan. Mai bina shina jan tsirkiya gefe ko ya nutsa ta ƙasa, sautin ya hau ba tare da yatsa ta bar gidan ba. A arewacin ƙasar, sitar ta bi wata hanya zuwa wuri ɗaya: ƙarafanta masu lanƙwasa ne kamar baka, sun ɗaga nesa da icce, har makaɗi na iya fidda sautuka huɗu ko fi daga gida guda. Haka pipa ta ƙasar Sin, ita ma matakanta dogaye ne. Ke nan tun kafin a ƙera gitar lantarki ta farko, mutanen Asiya sun daɗe da sanin cewa in ana son tsirkiya ta yi magana kamar mutum, sai a nisanta yatsa da icce.

Turai ma ba a bar ta a baya ba. A ƙarni na 19 wasu masassaƙa sun riƙa yi wa gitoci ɗan kwarmi marar zurfi, kuma a farkon ƙarni na 20 matasan Jamus na ƙungiyar Wandervogel, wadda anka kafa a 1901, sun yi yawo cikin dazuzzuka da wata gita mai ciki kamar ƙwarya, wadda galibi wuyanta rarakakke ne. Amma a can abin bai zama ginshiƙin kiɗa ba, ya zo ya wuce.

BIYETNAM: GITAR BATURE, BAKIN ƳAN ƘASA

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Biyetnam, wadda tsofaffin sojojinmu ke kira Andoshin. Faransa ɗayan da ta mulke mu ita ta mulke su. Ta kama Saigon a 1859, ba ta fita ba sai bayan kashin da ta sha a Dien Bien Phu a 1954, yaƙin da sojojin Afirka da yawa sunka yi a ƙarƙashin tutarta. Janar Seyni Kountché kanshi ya yi aikin soja a can.

Cikin kayan da sunka shigo da Turawa har da mandolin da gita. Mutanen kudancin ƙasar, yankin kogin Mekong, suna da kiɗansu na zaman hira da ake kira don ca tai tu, da wasan kwaikwayo na waƙa mai suna cai luong. A cikinsu akwai wani salo na bege da kewa, vong co, wanda ya samo asali daga wata waƙa da Cao Van Lau ya tsara a garin Bac Lieu wajen 1919. Sai sunka tarar gitar Bature ba ta iya faɗin abin da suke so. Harshensu mai karin sauti ne, kalma ɗaya tana canza ma'ana in murya ta hau ko ta sauka, abin da mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ban da haka, wasu sautukan kiɗansu suna faɗawa ne tsakanin firet biyu, inda gita ba ta da gida.

Maimakon su bar kiɗansu su bi na gita, sai sunka gyara gitar ta bi nasu. Wajen shekarun 1930 makaɗan kudu sunka fara rarake wuyanta da zurfi sosai, fiye da abin da ake gani yau a Amurka, sunka sassauta tsirkiya, sunka canza ɗaurinta gaba ɗaya. Sunanta gita phim lom, wato mai lotsattsen wuya. Ana danna tsirkiyar ƙasa cikin kwarmin, sautin ya hau, a saki ya sauko, tamkar mai kuka. Wani makaho mai suna Van Vi, wanda ya rasu a 1985, ya yi suna da ita har ana kafa misali da hannunshi. Daga baya sunka sa mata lantarki, kuma yau da wuya a yi cai luong babu ita. A 2013 UNESCO ta sa don ca tai tu cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Abin lura a nan: su ba don gaye sunka rarake ba. Buƙatar kiɗansu ce ta tilasta. Kuma sun biya farashi da saninsu, domin gitar da anka yi wa haka ba ta ƙara daɗin akor irin na Turawa. Ta zama wani abin kiɗa daban, mai bin waƙa sauti ɗaya bayan ɗaya.

TURAWA UKU DA SUNKA YAƊA ABIN

Na farko John McLaughlin, ɗan Ingila, haihuwar 1942, wanda ya yi kiɗa da Miles Davis kafin ya kafa Mahavishnu Orchestra a 1971. Ya zauna ya koyi bina a hannun wani malami ɗan kudancin Indiya, Dokta S. Ramanathan, a Amurka. Da ya haɗa ƙungiyar Shakti da Zakir Hussain mai tabla da L. Shankar mai gogen Turawa da Vikku Vinayakram mai kiɗan tulu, sai ya ga gitarshi ba ta iya bin su cikin lanƙwasa. Wani maƙerin gita, Abraham Wechter, tare da kamfanin Gibson, ya ƙera mishi wata mai tsirkiya 13: shida na kullum bisa rarakakken wuya, bakwai kuma an gicciya su bisa cikinta don amo. Faifansu na farko ya fito a 1976. Shi dai a fili yake, daga bina ya ɗauko.

Na biyu Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple, shi ma ɗan Ingila. A farkon shekarun 1970 ya riƙa goge wuyan Stratocaster ɗinshi da hannunshi. Nashi salon ba zurfi ɗaya ba ne: kwarmin kaɗan ne a gidajen farko, inda ake kama akor, shina ƙara zurfi in an nufi cikin gita, inda ake jan tsirkiya. Wato ya gane illar tun da wuri, ya nemi tsaka-tsaki.

Na uku shi ne wanda ya sa abin ya zama yayi, Yngwie Malmsteen, ɗan Suwidin, haihuwar birnin Istokholm a 1963. Shina ɗan shekara bakwai ya ga Jimi Hendrix a tele ranar da anka ba da labarin rasuwarshi a Satumban 1970, daga nan ya kama gita. Yadda shi ya ba da labari, shina saurayi shina aiki a wani shagon gyaran kayan kiɗa sai anka kawo wani tsohon abin kiɗa na ƙarni na 17 mai ƙwaƙulallen wuya. Ya gwada haka a wata gita tashi marar tsada, ya ji daɗin riƙon, ya bi sauran. Faifanshi Rising Force na 1984 ya girgiza masu kiɗan rok saboda tsananin saurin yatsunshi, kuma a 1988 Fender ta fara sayar da gita mai sunanshi, rarakakkiya tun daga masana'anta.

Daga nan wasu sunka ɗauki rabi. Gitar JEM da kamfanin Ibanez ya fitar wa Steve Vai a 1987, gida huɗu na ƙarshe kaɗai anka rarake, daga na 21 zuwa na 24, inda gidajen sunka matse har yatsa ba ta samun wurin kama tsirkiya. Billy Sheehan mai bas shi ma gidajen ƙarshe kawai ake ƙwaƙule mishi.

AMFANIN

Babban amfani shi ne riƙo. Da yake babu icce a ƙarƙashi, tsokar yatsa tana shiga ta rungumi tsirkiya, ba ta kuɓucewa ko da hannu ya yi zufa. Jan tsirkiya sama ko ƙasa shina sauƙi, tunda yatsa ba ta gogar icce. Girgiza sauti, abin da ke sa gita ta yi kamar murya mai rawa, shina faɗi kuma shina biyayya. Sannan akwai abin da gita ta kullum ba ta iyawa sosai: danna tsirkiya ƙasa don ɗaga sauti kaɗan, a samu waɗannan sautukan na tsakani da ƴan Biyetnam da Indiyawa ke nema.

Akwai kuma horo. Wuyan nan ba ya yafe danna da ƙarfi, saboda haka shina koya wa mutum sassauta hannu. Wanda ya saba da shi yakan daina matse wuyan gita kamar mai shaƙe kaza, gajiyar hannu ta ragu.

Amma ga wata ƙarya da ta yaɗu: wai rarakewa na sa sauri. Mutane sun ga Malmsteen da saurinshi, sun ga kwarmin, sai sunka haɗa biyun. Shi da kanshi ya sha faɗi a hirarraki cewa ba haka ba ne, gudu a kan irin wannan wuya ma ya fi wuya, riƙon tsirkiya kawai yake nema. Saurin nashi daga sa'o'in da ya kashe shina maimaitawa ya fito, da kuma sauraren kiɗan Paganini da Bach.

ILLAR

Ta farko, sauti shina fita daga saiti, abin da makaɗanmu ke cewa ya yi fo. Tunda birki ya tafi, in ka ƙara ɗan nauyi kaɗan tsirkiya ta miƙe, sautin ya hau fiye da inda ya kamata. A sauti ɗaya kunne na iya gyarawa nan take. A akor kuwa, inda yatsu uku ko huɗu ke danne lokaci guda kuma kowace da ƙarfinta, sai ka ji abu ya yi tsami. Abin ya fi muni da sirarar tsirkiya. Malmsteen shina amfani da wadda kaurinta bai wuce milimeta 0,2 ba. Ga wanda ke kiɗan biki daga la'asar har tsakar dare, hannu ya gaji, ga hayaniya ba ya jin kanshi sosai, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Ta biyu, ba a komawa baya. In gitar irin ta Fender ce, wadda wuyanta ke ɗaure da ƙusoshi huɗu masu murɗawa, ana iya kwance shi a sa wani, in an samu, kuma kun san samun wuyan gita shi kaɗai a kasuwanninmu ba wasa ba ne. In irin ta Gibson ce ko gitar icce marar lantarki, wuyan a manne yake da jiki, gyaran na iya fin kuɗɗin gitar.

Ta uku, aikin kanshi. In hannun bai ƙware ba, magagari shina cin gefen firet, ko kwarmin ya fito wani zurfi wani tudu. Ƴan ɗigon nan farare da ke nuna gida na 3, na 5, na 7 da sauransu sirara ne, ana iya goge su su ɓace. In anka zurfafa ƙwarai, ana rage icen da ke riƙe gindin firet, a kuma kusanci sandar ƙarfen da ke cikin wuya wadda ke hana shi lanƙwashewa. Mu ƙara da namu yanayin. Lokacin hunturu iska na busar da icce har ya tsuke, shi ya sa kuke jin bakin ƙarafan na kartar hannu a watan Janairu. Damina ta zo ya sha laima ya kumbura. Wuyan da anka rage wa nama, anka kuma kankare mishi fenti, ya fi jin wannan ja-in-ja.

Ta huɗu, kasuwa. Ran da buƙata ta taso kana son saida gitar, masu son rarakakkiya kaɗan ne, kuma wadda anka yi wa aikin gida darajarta faɗuwa take yi.

TO MU INA MUKE A CIKI?

Mu duba kayanmu na gado. Molo, garaya, gurmi, kuntigi, da tahardant ta Buzaye, babu mai firet ko ɗaya. Marigayi Malam Maman Barka da gurminshi, Ɗan Maraya Jos da kuntiginshi, sun sa yatsa inda kunnensu ya ce, ba inda ƙarfe ya ce ba. Mai goge ma ko icce ba ya dannawa, yatsunshi bisa izgar kawai suke sauka. Wato abin da McLaughlin ya je nema Indiya, ƴancin yatsa bisa tsirkiya, shina nan a zaurukanmu tun kaka da kakanni.

Da gita ta shigo hannun makaɗan Sahara, daga su Tinariwen da Abdallah Oumbadougou zuwa Bombino da Mdou Moctar da ƴan matan Illighadad, sun bi wata hanya daban da ta Biyetnam. Sun bar iccen yadda yake, sun canza ɗaurin tsirkiya da aikin hannu: tsirkiya ɗaya na ta amo a sake, yatsu na sara da fizga da sauri-sauri, kamar yadda ake yi wa tahardant. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, gitarshi ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Wannan salo, da na orkes irin su Tal National inda gitoci ke saƙa da juna kuma dole kowace ta zauna cikin saiti, ba dogon jan tsirkiya sunka dogara da shi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ga mafi yawan kiɗan da ake yi a bukukuwanmu, rarakewa za ta kawo illarta duka, amfaninta kuwa kaɗan za a mora.

Wannan ba ya nufin ƙofar a rufe take. In wani makaɗi na son gita ta bi karin harshen Hausa ko Zabarmanci sauti da sauti, ko ta kwaikwayi kukan goge, to dalilinshi ɗaya ne da na mutanen Mekong, kuma zai iya fito da abin da ba a taɓa ji ba. Shawararmu gare shi ita ce ya bi a hankali. Ya fara gwada gita mai dogayen firet, waɗanda ake kira jumbo, masu tsayin kusan milimeta ɗaya da rabi, domin suna ba da kusan irin wannan riƙo ba tare da an taɓa icce ba. In bai ƙoshi ba, ya nemi tsohuwar gita marar tsada mai wuyan kwancewa, a rarake daga gida na 12 zuwa sama kaɗai, a bar gidajen akor lafiya. A rufe ƙarafan da salatif kafin a fara, kada a wuce zurfin da zai hana yatsa taɓa icce, a kuma shafe wurin da mai ko fenti bayan an gama. Ya yi wata biyu ko uku shina kiɗa da ita kafin ya yanke hukunci a kan babbar.

Gitar da kake cin abinci da ita hwa, wadda in ta lalace babu ta biyu, a bar ta yadda take. Da-na-sani ƙeya ce.

Makaɗanmu na Maradi, Damagaram, Tahoua, Agadas da Yamai, in akwai wanda ya taɓa kaɗa irin wagga gita ko ya ga wanda ya gwada, muna son jin yadda ta kaya.